Hannu Biyu a Bargon Mama

Masu turo min saƙo kuna cewa zuciyata dutse ce, duk na gani, na kuma gode. Ban ce kun yi ƙarya ba. Wata har cewa ta yi, “Ke in ba kya son bawan Allahn nan ki miƙo lambarsa.” Ki yi haƙuri ’yar’uwa, ko na ba ki wahala za ki sha, taurin kansa ya fi nawa.

Wanda yau ne farkon shigowarsa, ga ni a taƙaice. Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da tara, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Shekara biyu ke nan da Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama, ni nake jinyarta. Muna ƙasa ni da ita, Yayana da matarsa suna saman bene. Sai kuma mutumin da ya shekara uku yana nemana, likitan ido ne, Malam Tabarau nake ce masa. Ya sani, bai taɓa cewa in daina ba.

Saƙa ta shigo gidanmu da farkon sanyin bana. Likitar da take yi wa Mama gashi, wato motsa mata gaɓoɓi, ita ce ta kawo maganar, ranar da Mama ta yi jifa da ƙwallon robar da ake ba ta tana matsawa, ta juya fuska bango.

“Ta gaji da shi, kuma tana da gaskiya,” in ji likitar. “Wa zai shekara biyu yana matsa roba? Ku nema mata abin da za ta ga yana ƙaruwa a hannunta. Ko saƙa ce.”

Ni ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba. Amma tunda an ce magani ne, ranar Asabar na ɗauki jaka na fita nema. Shagon yana bayan tashar mota, an matse shi tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule. Daga ƙasa har rufi ulu ne dunƙule-dunƙule, ja da kore da ruwan toka, ga kujeru huɗu a tsakiya na masu koyo. Mai shagon ’yar guntuwar dattijuwa ce, Mai Ulu kowa yake ce mata, tabaraunta a rataye da igiyar da ta saƙa da kanta, bakinta kuwa reza.

Ita ta koya min riƙe tsinke biyu, da yadda ake ɗora zare, da yadda ake ƙirga ido, wato kowane ɗan ƙulli da yake kan tsinken. Sati biyu na yi a kan mayafin wuya. Da na kai mata ta ɗaga shi sama ta leƙa ni ta cikin hujojin.

“’Yata, wannan na wuya ne ko na kama kifi?”

Sauran matan suka kwashe da dariya. Na warware shi tas, na sake. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya kama ni fiye da yadda na zata. In kina ƙirga ido, kanki ba ya ɗaukar wani tunani. Kafin sanyi ya kankama na yi hula biyu, na yi safa ƙafa ɗaya, na fara taɓa kwarashi.

Mama kuwa tsinkaye masu kaurin babban yatsa na sayo mata, da ulu mai kauri shuɗi mai duhu, ita ta nuna shi a hoton da na ɗauko mata a waya. Bargon cinya muka ce za ta yi. Kullum in na dawo aiki sai in zaunar da ita a kujerarta ta bakin taga, in tokare mata gwiwar hannu da matashi, in ɗora hannuna a kan nata. Layi biyu muke yi a yini. Kafin ta kai ƙarshen na biyu goshinta ya jiƙe, duk sanyin nan. Maganarta ma tun ciwon ba ta dawo daidai ba, kalma-kalma take fitarwa, kamar mai tsallake ruwa a kan duwatsu.

In ina wurin aiki, matar Yaya ce take leƙa ta. Anti nake ce mata. Ba mu taɓa faɗa ba, ba mu kuma taɓa wata doguwar hira ba. Akwai takarda da na manna a jikin firji: magani ƙarfe tara, magani ƙarfe ɗaya, kada a ba ta gishiri, kada a ɗaga ta sai na dawo. Na ja layi biyu a ƙarƙashin na ƙarshen. Anti ta karanta ranar farko ta ce, “To,” shi ke nan.

Ana haka, wata Laraba ina cikin duba jinin wani, wayata ta yi ƙara a aljihun farar rigata. Saƙon Malam Tabarau ne.

“Sun ba ni aikin.”

Na san aikin. Sabon sashen ido aka buɗe a wani asibiti can cikin duwatsu, tafiyar yini guda, suna neman wanda zai riƙe shi. Tun yana makaranta yake mafarkin irinsa.

Na rubuta, “Barka. Allah ya sa alheri.”

“Amin. Sun ba ni sati uku in amsa. Litinin ta ƙarshe, ƙarfe biyar.”

“To ka amsa mana.”

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Can sai ga shi: “Kin san abin da nake tambaya.”

“Ka san halin da Mama take ciki.”

“Na sani.”

Na mayar da wayar aljihu na ƙarasa aikina. Jinin mutumin lafiya lau, in kuna son sani.

Ban san ta ina maganar ta bi ba, amma kafin dare Gwaggo, ƙanwar marigayi Babanmu, ta turo saƙon murya guda bakwai. Gwaggo ba ta rubutu, ta ce yatsa bai isa ya ɗauki abin da yake bakinta ba. Na kunna na farko ina yanka albasa.

“Auta! Ke wai me kike jira, a sauko miki da wahayi? Yaro mai hankali, mai sana’a, shekara uku yana sintiri har takalminsa ya san hanyar gidanku. Ke kaɗai aka haifa? Yayanki ba ɗa ba ne? In ya tafi wallahi wata zai samu a can, kin san garin sanyi ba a zama haka nan!”

Sauran shidan ban kunna ba. Ita Mama ta dai daɗe tana kallona lokacin da nake shafa mata mai a ƙafa.

Daga satin da ya biyo baya bargon ya fara gudu.

Ran Alhamis na dawo na tarar an ƙara layi biyar. Na ƙirga sau biyu. Na ce, “Mama, ke kaɗai?” Ta ɗaga gira ta gyaɗa kai. Washegari takwas. Sati na zagayowa bargon da bai kai tafin hannu ba ya rufe mata gwiwa. In na ce mu yi tare da yamma sai ta ce, “Na... gaji. Da rana... na yi.” Na ɗauki hoto na tura wa likitar gashi, ta turo min alamar tafi. Na tura wa Yaya, Yaya ya tura wa dangi, Gwaggo ta turo na takwas: “To ga uwarki nan tana saƙa kamar inji, sai ki nemo wani dalilin!”

Na yi murna, kada ku ce ban yi ba. Amma a ƙarƙashin murnar akwai wani abu da ban tsaya na duba ba. Aikina ne duba abin da ido ba ya gani, sai dai na wasu.

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin Litinin ɗin amsarsa, ulun ya kusa ƙarewa, na naɗe bargon a leda na kai shago don a dace da launin, kuma, gaskiya, don in yi ɗan alfahari. Na shimfiɗa shi a kan tebur.

“Mamana ce ta yi. Da hannun da ya shanye.”

Matan suka taso suna sa albarka. Mai Ulu ta ɗora tabarau a hanci, ta bi bargon da yatsa tun daga ƙasa. Ta kai wani wuri ta tsaya. Ta juya bayansa. Sai ta ce da matan su koma kan aikinsu, ta ja ni gefe.

“Daga nan zuwa nan,” ta auna kamar faɗin tafin hannu, “na mamanki ne. Kin ga wani ido ya saki, wani ya matse, hannu ne mai fama. Allah ya ƙara mata sauƙi. Amma daga nan zuwa sama wani hannun ne.”

“Sauƙi take samu, shi ya sa ya gyaru.”

“’Yata, shekara arba’in ina wannan abu. Dubi yadda idon ya kwanta. Na ƙasa ya karkata nan, na sama ya karkata can. Mai wannan daga ɗaya gefen take ɗora zare. Bahaguwa ce, kuma sabuwar koyo, amma tana da natsuwa, ta fi ki.”

Na ce ta ba ni dunƙule huɗu. Ta ba ni. A gidanmu mutum ɗaya ce take riƙe wuƙa da hagu.

Ban yi wa kowa magana ba, Asabar ɗin da Lahadi. Na dafa abinci, na yi wa Mama wanka, na gama ɗaya ƙafar safar. Ranar Litinin na tafi aiki kamar kullum, ƙarfe goma sha biyu na nemi izini na dawo. Na buɗe ƙofa a hankali, na cire takalmi a waje.

Rediyo yana yi ƙasa-ƙasa. Mama ba ta kan gado inda na bar ta, tana kujerarta ta bakin taga, an canja mata riga zuwa mai ruwan ƙasa, an ɗaura mata ɗankwali, ɗaurin da ni ban iya ba. Anti tana zaune a kan darduma, ta miƙe ƙafa, bargon a cinyarta, tsinkaye suna ƙas-ƙas. Dunƙulen ulun yana hannun Mama na hagu tana sakar mata zare. Wani labari Anti take bayarwa na maƙwabciyarsu, Mama tana dariya da rabin bakinta. Na manta rabon da in ji wannan dariyar.

Anti ce ta fara ganina. Tsinken ya tsaya.

“Auta... yau da wuri?”

“Wa ya ɗaga ta daga gado?”

Kun ji abin da ya fara fita daga bakina. Ba sannu, ba komai.

Anti ta ajiye saƙar ta gyara zama. “Ni. Yau wata bakwai ke nan ina ɗaga ta. Kafin ki dawo nake mayar da ita.”

“Na rubuta a firji...”

“Na gani, har layi biyu kika ja. Auta, shekara huɗu na yi ina jinyar kakata kafin in yi aure. Na iya ɗagawa, na iya juyawa, na iya wanka. Ba ki taɓa tambayata ba, ni kuma na ga in na faɗa kamar ina ƙwace miki wani abu ne.”

“Saƙar fa? Ƙarya kuka shirya min?”

“Ni... na sa ta,” in ji Mama.

“A waya na koya,” Anti ta ce, tana kallon ƙasa. “Kwana uku ina yi ina warwarewa. Na ce mata za ki gane, ta ce ba za ki gane ba, wai ke abin da kike so ki gani shi kike gani.”

Na zauna a hannun kujera, jakata tana kafaɗata har lokacin. Na ce, “Mama, don me?”

“Ki... tafi.”

“Ba inda za ni.”

“Don... me?”

To, a nan ne zan gaya muku abin da ban taɓa rubutawa a nan ba. Ranar da Mama ta faɗi ina gida, wannan kowa ya sani. Abin da ba a sani ba, ina ɗakina ne, na rufe ƙofa, na toshe kunnuwa biyu da abin sauraro, muna hira a waya da Malam Tabarau. Minti arba’in da bakwai, wayar ta rubuta. Da na fito na same ta a ƙasa a kicin, famfo yana ta zuba. A asibiti likita ya ce irin wannan ciwo kowane minti da abin da yake tafiya da shi. Bai san da wa yake magana ba. Tun ranar ban sake yin waya da mutumin nan ta wuce minti biyar ba, shi ma bai san dalili ba.

Haka na faɗa musu, tiryan-tiryan, kamar ina karanta sakamakon gwaji. Na ƙare da cewa, “Kina kirana, ni ina can ina dariya.”

Anti ta rufe baki da hannu. Mama ta daɗe tana haɗa kalmomin, muka jira ta.

“Ban... kira ki ba.”

“Mama.”

“Na so. Bakin... bai buɗu ba. Ko a ƙofa... kike... ba abin ji.”

“Da ba na waya da na fito da wuri.”

Ta yi wani ɗan tsaki, irin nata na da. “Da ba waya... barci kike. Na san ki.”

Anti ta fashe da dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Ni ban yi kuka ba, na san wasu za su tambaya. Abin da na ji kawai, kafaɗata ta yi sanyi, sai na lura ashe jakar ce na sauke.

Mama ta miƙo min hannun daman, wanda yake rawa. Ta nuna ƙasan bargon, ɗan wurin nan mai faɗin tafin hannu. “Wannan... nawa. Iyakata... ke nan. Ko kin zauna... ko kin tafi.”

Anti ta tashi ta ɗora ruwan shayi, ta wuce ta gaban firji, ta tsaya, ta dube ni. Na ce ta cire. Ta cire takardar ta ninke ta huɗu ta ajiye min a kan tebur.

Ƙarfe huɗu da rabi saƙon Malam Tabarau ya shigo: “Ina ƙofar gida. Minti goma kawai.”

Ban canja kaya ba, doguwar rigar da na je aiki da ita ce, ruwan toka, na yafa mayafin wuyan nan da na sake saƙawa. Anti ta mayar da Mama ɗaki, ta bar ƙofar a buɗe kamar faɗin yatsa uku, wai don iska.

Ya shigo ya zauna a inda ya saba, kujerar kusa da ƙofa. Dogo ne, kun sani, rigar sanyin da ya saya a kanti ta ɗage masa, wuyan hannunsa duk a waje. Ya gaishe ni, ya tambayi jikin Mama, ya goge tabaraunsa da gefen riga. Sannan ya buɗe wayarsa ya miƙo min.

Wasiƙa ce zuwa ga shugaban asibitin can. Gajeriya. Yana godiya, yana ba da haƙuri, ba zai samu damar karɓar aikin ba saboda dalilai na iyali. Ba a tura ba tukuna.

“Na rubuta tun jiya,” ya ce. “Na kasa turawa, na kasa gogewa. Kin ce ba za ki bar Mama ba, na yarda, ni sai in zauna. Amma in na zauna ma ba ni kike so ba, gara in sani yau. Ga ta nan a hannunki.”

Na duba agogon bango. Biyar saura minti goma sha takwas.

“Iyalin wa?” na ce.

“Na’am?”

“Ka rubuta dalilai na iyali. Kai da ko kyanwa ba ka ajiye ba.”

“Fata nake yi.”

Na sake karanta wasiƙar. Har da kuskure ɗaya a layi na biyu, mutumin da yake gyara wa mutane gani. Na tuna yadda yake ba ni labarin sashen nan tun kafin a aza tubalinsa, yawan gadajen, da tsofaffin da suke makancewa a can don ba mai cire musu yanar ido. Na danna, na goge ta gaba ɗaya. Na miƙa masa wayar.

“Rubuta musu ka karɓa.”

Ya dubi wayar, ya dube ni. Fuskarsa ba ta canja ba. “Shi ke nan amsar?”

“Rubuta tukuna, lokaci yana tafiya.”

Ya rubuta. Na ga yatsansa yana kuskure yana gyarawa. Ya tura biyar saura minti tara, ya kife wayar a cinya, ya fara laluben makullin motarsa.

Na ce, “Can ɗin, da gaske sanyinsu ya fi na nan?”

“An ce har ruwa yana daskarewa a bokiti.”

“Da wannan rigar za ka?”

Ya dubi hannun rigar kamar yau ya fara ganinta. Na jawo kwandon saƙata daga ƙarƙashin tebur, na ciro tef ɗin awo da ɗan littafin da nake rubuta ƙirga.

“Tashi tsaye.”

Daga cikin ɗaki na ji wani abu ya faɗi, na ji Anti tana cewa “shhh”. Ya miƙe a hankali. Na ba shi bakin tef ɗin ya riƙe a kafaɗarsa, ni na ja daga nesa na karanta. Kada wata ta je ta ce na ce e. Ban ce ba. Awo na ɗauka.

“Kwana nawa ake yi ana saƙa riga?” ya tambaya, yana kallon bango.

“Gwanaye sati uku. Ni, in ban warware da yawa ba, wata uku.”

“Nan da sati shida zan tafi.”

“Sai a san yadda za a yi ta same ka.”

Na rubuta faɗin kafaɗa.

“Wa zai kawo min?”

“Ɗaga hannu,” na ce. “Ban gama ba.”